Ƙarar Mota Yayin Taka Totur: Bayani Ga Direbobi Da Jami'an Ƙaramar Hukumar Bici

Hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa tsakiyar garin Bici, kuma a kanta ne yawancin jama'armu ke fitar da amfanin gona zuwa kasuwar Badume da ta Dawanau. Motocin da ke wannan aiki, irin su Golf da Sharon da tsofaffin Fijo, akasarinsu sun kwana biyu, ga lodi, ga ƙurar hunturu, ga taɓon damina a hanyoyin ƙauye. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan ƙarar da mota kan yi idan an taka totur, domin sau da yawa ita ce gargaɗin farko kafin babbar ɓarna.

Abu na farko shi ne direba ya tantance inda ƙarar take. A tsayar da motar, a sa ta a firi, a ja birkin hannu, sannan a taka totur sannu a hankali. Idan ƙarar ta bayyana, to tana inji ne ko salansa. Idan kuwa ba a jin ta sai ana tafiya, sai a mai da hankali ga giya da shaf da ƙafafu. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, amma yana rage wa bakanike lalube.

Ƙara mai tsini kamar kukan tsuntsu, musamman da sassafe, yawanci fambel ne ya saki ko ya tsufa. Gyaransa ba shi da tsada. Sai dai a motoci da dama shi ke juya famfon ruwa, don haka idan ya tsinke inji zai yi zafi cikin 'yan mintoci.

Wadda ta fi ruɗa direbobi ita ce ƙarar da ke kama da tsakuwa a cikin gwangwani, wadda ake ji idan mota ta ɗauki kaya ko tana hawa tudu da babbar giya. Abin da ke faruwa shi ne fetur yana kamawa da wuta ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, sai ya riƙa dukan fistin. Mai marar kyau yana haddasa haka, haka ma fulogin da bai dace ba, ko taimin da ya goce, ko zafin inji. Ba mu manta da gurɓataccen fetur da ya shigo ƙasar nan a farkon shekarar 2022 ba, wanda ya lalata motocin jama'a. Tun bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, tsada kan sa wasu su sayi duk man da suka samu a galan. Shawararmu ita ce a sauko da giya, a sassauta ƙafa, a duba ruwan lagireto bayan inji ya huce, sannan a canja wurin shan mai. Idan ƙarar ta ci gaba, a kai wa bakanike.

Amma kada a haɗa wannan da bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke ƙaruwa daidai da totur, wani lokaci tare da kamawar fitilar baƙin mai. Wannan alama ce cewa metal ya cinye. A nan babu batun lallaɓawa zuwa gida. A kashe motar nan take, a jawo ta. Gara a biya kuɗin janwe da a je Ƙofar Ruwa neman wani injin.

Motocin da ke ja da ƙafafun gaba, kamar Golf, kan yi ƙas-ƙas idan an taka totur a kwana. Kan shaf ne. Robar da ke rufe shi ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Duk wanda ya riƙa leƙa wannan roba a kai a kai zai canja ta ita kaɗai kafin ƙarfen ya lalace. Fijo 504 kuwa, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da baya take ja, don haka gunjinta kan fito daga farfela ko aksul.

Rugugi mai ƙarfi daga ƙarƙashin mota salansa ce ta huje. Wasu na ɗaukar wannan ƙaramin abu, alhali hayaƙin da ke shiga cikin mota yana ɗauke da iskar guba marar wari, mai sa ciwon kai da gyangyaɗi, har ma ta yi kisa. Haɗarin ya fi yawa da sanyi, lokacin da fasinjoji ke rufe gilasai.

Muna kira ga jami'an da ke kula da motocin hukuma, musamman motar ɗaukar marasa lafiya, da su tanadi littafin da direba zai rubuta ranar da ya fara jin ƙara, da giyar da yake ciki, da ranar juyen baƙin mai na ƙarshe. Haka kuma shugabannin tashoshin mota su hana lodin duk motar da injinta ke bugu ko salansarta ta fashe, har sai an gyara ta.