Wace Manhajar Saƙo Ce Ta Fi Riƙe Sirri?

A Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto, saƙon da ya faɗa hannun da bai dace ba yana iya jawo asarar rai. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu, don toshe wa maharan hanyar sadarwa. Da layi ya dawo, tambayar ta koma: wa ke iya ganin abin da aka aika?

Tes na yau da kullum shi ne mafi rauni. Ba a kulle yake ba, kamfanin layi na iya ganinsa, kuma tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN.

WhatsApp, mallakar kamfanin Meta, tun 2016 yake kulle saƙo da kira ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa. Sai dai kamfanin yana tattara wasu bayanai: lambarka, irin wayarka, da lokutan da kake hawa. Ajiyar hira a Google Drive kuwa ba ta samun wannan kulle sai ka kunna shi da kanka.

Telegram, wanda Pavel Durov da ɗan'uwansa suka kafa a 2013, sunansa ya fi aikinsa a wannan fanni. Hira tana zama ne a rumbun kamfanin. Cikakken kulle sai an zaɓi hirar sirri tsakanin mutum biyu, zauruka ba su da shi.

Signal, da gidauniya mai zaman kanta ke gudanarwa, ya fi su ƙarancin ajiye bayani, kuma tun 2024 mutum na iya ɓoye lambarsa. Cikas ɗinsa shi ne masu amfani da shi kaɗan ne a karkara.

Amma duk ƙarfin kulle, ba ya hana ɗan zaure tura muryarka gaba, kuma murya ba ta ɓuya ga wanda ya san ka. Haka wayar da aka ƙwace a hanya: in ba makulli, komai a fili yake. Saboda haka ka sa wa wayarka lambar sirri, ka kunna saƙo mai goge kansa, kada kuma ka faɗi ranar tafiyarka kasuwa ko motsin jami'an tsaro a zauren da ba ka san kowa da kowa ba.