Lesotho: Ƙasar da Duwatsu Suka Tsare

Afirka ta Kudu ta kewaye ƙasar Lesotho ta kowace fuska, amma duwatsu ba su bari an haɗiye ta ba. A 1824 Sarki Moshoeshoe ya tare da jama'arsa a kan dutsen Thaba Bosiu, kuma har ya rasu a 1870 ba wanda ya ci wurin da yaƙi.

Yau duwatsun nan ne ke jawo baƙi. Waɗansu kan hau ƙananan dawakin ƙasar zuwa Semonkong, inda ruwan Maletsunyane ke faɗowa daga tsayin mita 192. Waɗansu kuwa zamiya kan dusar ƙanƙara ke kawo su cikin watan Yuli. Da kuɗin baƙin nan ne masu dawaki da 'yan jagora ke ciyar da iyalansu.