Ina kake sa kayanka idan ka shiga ruwa?

A Amurka da Ingila akwai masu fatsa da ƙugiyar da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare, ta yi kama da ƙwaro. A tsakiyar kogi suke tsayawa, ruwa har cinya, don haka duk abin da za su buƙata yana jikinsu.

Wasu na sa falmaran mai aljihuna da yawa, irin wadda Lee Wulff ya fara ɗinka wa kansa wajen 1930. Komai na kusa da hannu, sai dai zafi, kuma aljihu in ya yi yawa sai mutum ya cika shi da tarkace. Wasu jakar ƙugu suke ɗaurawa. Ita ba ta da nauyi, amma da ruwa ya kai cibiya shi ke nan, ta jiƙe. Akwai kuma ƙaramar jakar ƙirji.

Ni ta ƙirjin na zaɓa wa aikin tafkina. Dalili? Bara ina ware manyan tarwaɗa daga ƙanana, na sunkuya, waya ta zame daga aljihun riga. Lissafin abincin wata uku duk yana cikinta!

To kafin ka saya, fara auna zurfin ruwanka. In ya wuce ƙugu, kaya su koma sama. A samu mai zif, waya kuma a ƙulle ta a leda tukuna. Abin gwada ruwa, biro da ɗan littafi sun isa. Sikeli da bokiti a bar su a bakin tafki.