Ciwon Sukari Na Masu Juna Biyu: Binciken Rigakafi Da Abin Da Ya Shafi Jari

KEFFI: A unguwar Liman Abaji, kamar sauran unguwannin garin Keffi, gidaje da dama sun dogara ne ga ƙaramin jarin mata, daga mai tuyar ƙosai zuwa mai ɗinki da mai saro atamfa. Idan irin wannan mace ta kwanta makonni bayan tiyatar haihuwa, jarin ne kan narke, kuɗin asibiti kuma daga aljihun maigida ko na 'yan'uwa zai fito. Ɗaya daga cikin abubuwan da kan kai mace ga wannan tiyata shi ne ciwon sukarin da ke tasowa tare da ciki.

Yayin da ciki ya tsufa, mabiyiya takan fitar da wasu sinadarai da ke sa jiki ya rage jin aikin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Mafi yawan mata jikinsu kan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wadda nata ya gaza, sukari kan taru a jininta ya ƙetara ga ɗan tayi, sai ya yi girma fiye da kima, wani lokaci ya haura kilo 4, naƙuda ta yi wuya. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa haihuwa ɗaya cikin shida tana zuwa da hauhawar sukari.

Babban binciken da aka fi dogara da shi, mai suna HAPO, ya fito a 2008 bayan an bi mata fiye da 23,000 a ƙasashe tara. Ya nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa ne sannu a hankali, ko da sukarin bai kai matakin da a da ake kira ciwo ba. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ma'auninta a 2013. Ana ba mace ruwa mai giram 75 na sukari, galibi tsakanin mako na 24 da na 28, a auna jininta kafin sha da bayansa.

Batun rigakafi ne ya raba kan masana. A Ingila, binciken UPBEAT na 2015 ya ba mata masu ƙiba fiye da 1,500 shawarar abinci da motsa jiki, amma ciwon bai ragu ba. A Finland kuwa, binciken RADIEL na 2016 ya samu raguwar kashi 39 cikin ɗari. A birnin Beijin na ƙasar Sin, matan da suka riƙa tuƙa keken motsa jiki sau uku a mako tun farkon ciki, kashi 22 ne suka kamu, alhali kusan kashi 40 suka kamu a cikin waɗanda ba su yi ba, kamar yadda aka bayyana a 2017. Abin da mutum zai fahimta a nan shi ne lokacin farawa yana da muhimmanci ƙwarai, kuma nan ne matsalarmu take, domin mata da yawa sai ciki ya yi nisa suke fara zuwa awo.

Ta fuskar kasuwa, magani ya yi tsada tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. A ƙarshen shekarar kamfanin Sanofi, mai yin insulin na Lantus, ya sanar da miƙa rarraba magungunansa a Nijeriya ga wani dillali. Harajin naira 10 kan kowace lita ta lemun zaƙi, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo, bai kai ya hana kowa sha ba.

Maigidan da ke kusa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi zai fi samun sauƙi idan ya biya kuɗin gwaji da wuri, ya kuma sauya cefane zuwa wake, ganye da hatsin da ba a surfe shi ƙal ba, a rage lemun kwalba da farar shinkafa. Bayan haihuwa ma akwai sauran aiki: wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya nuna matan da suka yi wannan ciwo sun ninka sauran sau bakwai wajen kamuwa da ciwon sukari na dindindin, don haka likitoci ke neman a sake gwajin tsakanin mako shida zuwa goma sha biyu bayan sauka.