Keken kashe gobara

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san keke. Amma akwai wani iri da ba a kawo shi kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ba. Shi ne keken kashe gobara na ƙasar Turai.

Shekara ɗari da ƴan kai da suka wuce, dawaki ke jan injin kashe wuta a biranen Turai. Kafin a ɗaura musu kaya, gobara ta yi nisa. Shi ya sa aka ba wasu ma'aikata keke, su riga kowa isa.

Wanda aka fi sani, ana danganta shi da kamfanin BSA na Birmingham, a Ingila, wajen shekara ta 1905. An lanƙwasa ƙarfen tsakiyarsa ya yi zobe. A cikin zoben aka naɗe dogon tiyo, kamar yadda muke naɗe igiyar guga. Akwai ɗan gatari, da ƙarfen ɓalle ƙofa, da hular kwano. Akwai jiniya kuma, don mutane su kauce.

To, ruwan fa? Keken bai ɗauke da ko ɗigo. Sai mai shi ya tarar da famfo a bakin hanya ko a masana'anta, sannan ya haɗa tiyon. Inda rijiya ce kaɗai, mai gaba 20, ko rumbu ɗaya ba zai ceta ba. Iyakarsa ya kai labari da sauri.

Da motocin kashe gobara suka yawaita, aka jingine shi. Yanzu sai a gidan ajiye kayan tarihi ake ganinsa.