Me ya sa wata sankarar mama ke saurin yaɗuwa?

Tun a shekarun 1920 masanin nan ɗan ƙasar Jamus, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin sankara suna zuƙar sukari kamar ba gobe. Bayan sun sarrafa shi, wani sinadari da ake kira LDHA yana mayar da shi ruwa mai tsami. Tsamin nan kan raunana naman da ke kewaye da ƙullutun sankarar, ya kashe wa garkuwar jiki gwiwa, sai cutar ta samu kafar ratsawa zuwa hammata, ƙashi ko huhu. Kada dai a ɗora wa sukarin shayin safe laifi.

Matan Mubi, in kun taɓa ƙullutu mai tauri a nono, ko ba ya ciwo, ku garzaya Babban Asibiti a duba.