Magani Kyauta a Tasawa da Mayahi: Wa Ke Biyan Kuɗin?

A watan Agusta, lokacin da gero ya fara fid da kai amma rumbu ya riga ya yi ƙasa, ƙofar gidajen likita a jahar Maraɗi kan cika tun da sassafe. Mata ne zaune kan tabarmi a inuwar dogon-yaro, kowace da goyonta, wasu sun zo a amalanke, wasu a bayan kabu-kabu. Majo, malamin jinya, ya soki yatsan yaro, ya ɗiga jini a kan 'yar sandar gwaji, layi biyu suka fito: zazzaɓin cizon sauro. Ba a karɓi ko dala ba, domin doka ta ce kyauta ake duba yaron da bai kai shekara 5 ba. Amma idon uwar yana kan hannun majo. Zai miƙa ya ɗauko magani daga kanta ne, ko zai jawo takarda ya rubuta mata ordonas ta tafi farmasi?

Kafin a kai ga wannan doka, Nijar ta bi tsarin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987: marar lafiya ya biya wani abu, kuɗin su zauna a hannun kwamitin gidan likita, a riƙa sayen magani da su. Magani ya samu, sai dai talaka ya ja da baya. Da yunwar 2005 ta cika cibiyoyin Maraɗi da yara masu tamowa, abin ya fito fili. Gwamnatin Tandja Mamadou ta fara da tiyatar haihuwa a ƙarshen 2005, sannan a 2006 ta ƙara da awon ciki, tazarar haihuwa da kula da ƙananan yara.

Mayahi na cikin wuraren da aka fara ganin abin a aikace. Tun a 2006 wata ƙungiyar Jamus mai suna HELP, da kuɗin agajin Tarayyar Turai, ta ɗauki nauyin wannan kyauta a gundumomin Mayahi da Tera. Iyayen da a da sai yaro ya fara suma suke kawo shi, suka koma zuwa tun zazzaɓi na ɗanye. Valéry Ridde da Aïssa Diarra, waɗanda suka bi diddigin aikin suka wallafa bincikensu a 2009, sun tarar da jama'a na murna, ma'aikata kuwa na kukan aiki ya yi musu yawa. A faɗin ƙasa, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin kowane dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Kyautar magani tana da kaso a wannan nasara, tare da gidan sauro, bitamin A da ƙananan gidajen likita na ƙauye da Tandja ya yi ta ginawa.

Abin da ya riƙe tsarin a Mayahi ba wani sirri ba ne, akwai mai biya a kusa. Inda aka dogara ga baitulmali kawai, labarin ya sha bamban. Majo zai cika takardun yaran da ya duba a wata, su je gunduma, su wuce Yamai, su bi layi daga ma'aikatar lafiya zuwa ta kuɗi. Kafin kuɗin su dawo an yi watanni, wani lokaci shekaru, har bashin ya kai biliyoyin sefa. Asusun kwamiti kuwa da kuɗin manya masu biya yake numfashi, alhali yara da masu ciki su ne mafi yawan masu zuwa. Kanta ta bushe, ordonas ta yawaita, mai tallan ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa ya samu ciniki. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, ciki har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna nuna wannan giɓi tsakanin abin da aka shelanta da abin da aka tanada.

Abin mamaki, Nijar ta taɓa gwada wata hanya tun a 1993. A gundumar Say an ce babba ya biya sefa 200 a kan kowane ciwo da ya kawo shi. A gundumar Boboye kuwa an ɗora sefa 200 a kan harajin shekara, dala arba'in ke nan, sannan in ciwo ya zo babba ya ba da sefa 50 kacal. Zuwa likita ya ƙaru a Boboye, musamman a wajen mata, yara da talakawa. Inshora ce a cikin rigar haraji. Duk da haka, da aka zo yaɗa tsarin a ƙasa, biya a bakin ƙofa ne ya yi rinjaye.

Darasin Boboye ya fi dacewa da manomin Korgom ko Kanembakashe a jahar Maraɗi fiye da kowa, saboda kuɗinsa da ciwon gidansa ba sa haɗuwa a wata ɗaya. Kuɗi na shigowa da kaka, bayan an sayar da wake da gyaɗa. Zazzaɓi da tamowa kuwa da damina suke kai hari, lokacin da tiyar gero ta yi tsada, mai gida ya riga ya ci bashi. Shi ya sa akuya ke tafiya kasuwa a farashin wulaƙanci. Mutanen da suka san adashi da bankin cimaka ba sa buƙatar dogon bayani kan tara kuɗi don ranar wuya. Tsoronsu ɗaya ne, su zuba da kaka su zo da damina a miƙa musu takarda. Ga kuma yawan baki: wani bincike na 2012 ya nuna macen jahar Maraɗi na haihuwar fiye da 'ya'ya 8, don haka kuɗin da aka yanka a kan kowane kai, komai ƙanƙantarsa, yana zama kaya a babban gida. Ghana, wadda ta kafa inshorar ƙasa a 2003, ta gane haka, shi ya sa mafi yawan kuɗin asusunta daga harajin kaya suke fitowa.

A watan Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, ta kuma mayar da haihuwa kyauta daga 1 ga Satumba. Ga matar da a da take haihuwa a ɗaki don gudun kuɗi, wannan sauƙi ne na gaske. Ga kwamitin gidan likita kuwa, rabin da aka yafe wa manya daga asusun sayen magani aka cire shi, sai fa in baitulmali ya cike gurbin a kan kari.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin kowace takarda. Idan naƙuda ta yi gardama da tsakar dare a wani ƙauyen Urafan, tiyatar kyauta tana can asibitin gunduma a Tasawa, ko ma Maraɗi. Tsakani akwai rairayi, akwai man mota, akwai abincin masu jinya na kwanaki. A wasu gundumomin ƙasar an gwada ƙara dala ashirin a kan kuɗin kowane mai zuwa likita, a tara don man motar ɗaukar marasa lafiya. Inda ba a yi irin wannan tanadi ba, mijin ne ke bin gidajen dangi da fitila yana haɗa kuɗin mai.